Ƙwaya Biyu a Cikin Kwanso: Tarihin Furen Dominion

 

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani kamfanin sayar da dashe mai suna Wallace da ke garin Colchester a Ingila ya fitar da wani sabon fure kasuwa, ya sa masa kuɗi mai tsadar gaske. Sunan furen Dominion. Mutumin da ya samar da shi, Arthur Bliss, bai ɗauke shi da muhimmanci ba lokacin da ya fara ganinsa, domin ba shi yake nema ba. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, kuma duk mai bin salsalar manyan furannin airis na zamani sai ya yi ta cin karo da sunan Dominion a cikin kakanninsu. Tarihinsa na kawo mana a wannan makon.

Bari mu fara da siffar furen, tunda ba na ƙasarmu ba ne. Airis tsiro ne na ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani. Ganyensa dogaye ne masu tsini kamar takobi, suna fitowa a jere kamar mafici. Saiwarsa mai kauri ce, tana kwance a saman ƙasa, kusan kamar citta. Daga tsakiyar ganyen ne kara yake miƙewa ya ɗauki furanni. Kowane fure falle shida gare shi: uku suna tsaye sun haɗa kai a sama kamar ƙubba, uku kuma sun sunkuyo ƙasa. A gindin kowane falle da ya sunkuyo akwai wani layin gashi mai laushi, wanda masu lambu suke kira gemu. Wannan gemun kamar alama ce ga ƙudan zuma, yana nuna masa hanyar shiga cikin furen. Idan airis mai gemu ya wuce tsayin santimita 70, ana sa shi a rukunin dogaye. Dominion ɗan wannan rukuni ne.

Sunan airis daga Girkawan da ya fito. Haka suke kiran bakan gizo, kuma sun ba furen sunan ne saboda yawan launukansa. Larabawa kuwa sausan suke ce masa, sunan da har yau suke raɗa wa 'ya'yansu mata. Akwai wani farin airis mai gemu, ɗan gajere, wanda asalinsa daga Yaman da yankin Larabawa ne. Musulmi sun daɗe suna dasa shi a maƙabartu, kuma ta wannan hanya ya bi su zuwa Arewacin Afirka har Andalus. Wannan farin furen ba ya yin ƙwaya mai tsirowa, sai dai a ɓalli saiwarsa a dasa. Ke nan duk inda aka gan shi, hannun mutum ne ya kai shi.

A Italiya ma furen yana da tsohon tarihi. Tambarin birnin Florence furen airis ne, irin wanda ke fitowa a tuddan yankin. Da farko farin fure ne a kan jan kyalle, amma a 1251, bayan rikicin siyasa tsakanin ɓangarori biyu na birnin, waɗanda suka yi rinjaye suka juya launukan, ya koma jan fure a kan fari. Ku riƙe wannan jan furen a rai, za mu dawo gare shi. Manoman yankin kuma har yau suna noman airis saboda saiwarsa. Sukan fere ta, su busar, su ajiye ta kimanin shekara uku kafin ƙamshinta ya fito, sannan masu haɗa turare su saye ta da tsada.

Dogayen airis na lambunan Turai kuwa, yawancinsu daga iyaye biyu suka fito. Na farko shi ne wanda masana suke kira Iris pallida, ɗan gaɓar tekun Kuroshiya da arewacin Italiya, dogo mai ƙamshi, launinsa shuɗi mai haske da ya ɗan karkata zuwa shunayya. Na biyu Iris variegata, ɗan Hangari da maƙwabtanta, gajere, samansa ruwan ɗorawa, ƙasansa da zane-zanen ruwan ƙasa. Ƙudan zuma ya daɗe yana haɗa auren waɗannan biyu, a daji da cikin lambuna, har aka sami 'ya'ya iri-iri da masanan farko suka zaci kowanne jinsi ne mai zaman kansa.

Faransawa ne suka fara mayar da abin sana'a. Wajen 1822 wani mai sha'awar furanni a Paris, de Bure, ya fitar da wani iri da aka sa wa suna Buriensis. Bayansa sai Jean-Nicolas Lémon, wanda zuwa 1840 yana da kusan iri ɗari na sayarwa. A 1844 ya fitar da Madame Chéreau, farin fure mai shuɗin baki kamar an bi gefensa da zare da allura, wanda har gobe ana samunsa a lambuna. Dabararsu mai sauƙi ce: su tara ƙwayar da ƙudan zuma ya haɗa, su shuka da yawa, su zaɓi masu kyau. An yi shekaru ana haka a Faransa da Ingila da Jamus. Sunaye suka yi yawa, amma furannin suka riƙa kama da juna: ƙanana, fallensu sirara, ruwan sama kaɗan ya lanƙwasa su. Iyaye biyu sun ba da duk abin da ke cikinsu. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, wasu sun fara ganin cewa airis ya kai iyakarsa.

Wanda ya buɗe sabuwar ƙofa ba manomi ba ne. Sir Michael Foster farfesa ne na ilimin yadda jikin ɗan Adam ke aiki a Jami'ar Cambridge, airis kuma abin sha'awarsa ne a lambun gidansa da ke Shelford. Ya riƙa roƙon matafiya da 'yan mishan da jami'an da ke aiki a ƙasashen Daular Usmaniyya da gabashinta su aiko masa da duk wani airis da suka gani. Saiwoyi suka yi ta zuwa masa daga Turkiyya, da tsibirin Kubrus, da ƙasar Sham, har da Kashmir. Waɗannan baƙin sun sha bamban da na Turai: furanninsu manya, fallensu masu kauri, karansu dogo mai rassa. A cikinsu akwai wanda ya iso a 1885 daga garin Amasya na arewacin Turkiyya, garin da 'ya'yan sarakunan Usmaniyya suka riƙa koyon mulki a cikinsa. Aka gajarta sunan garin, aka kira furen Amas.

Baƙin suna da nasu aibin. Da yawansu sun saba da ƙasa mai zafi da fari, don haka damshin hunturun Ingila yakan ruɓar da saiwarsu. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne, idan aka haɗa aurensu da na Turai, da ƙyar ake samun ƙwaya. Mutum zai ɗebi garin fure ya shafa wa furanni da yawa, kwanso ya ƙi ɗaukuwa, ko ya ɗauku a fasa a tarar da shi wayam. Babu wanda ya san dalili a lokacin.

A nan Arthur Bliss ya shigo. Ya yi aikin safiyo a New Zealand da Afirka ta Kudu, sannan kurumta ta sa ya bar aiki ya koma gida Ingila. Ba mai kuɗi ba ne, kuma ba shi da babban lambu. Ya shiga harkar airis ne a farkon ƙarni na 20, yana taimaka wa abokinsa William Dykes, wani malamin makaranta da ke ƙoƙarin warware asalin tsofaffin ire-iren lambu. Aikin safiyo ya koya wa Bliss rubuta komai. Duk auren da ya haɗa sai ya rubuta uwa, ya rubuta uba, ya rubuta abin da ya fito. A zamanin da yawancin masu lambu suka bar wa ƙudan zuma wannan aiki, wannan ɗabi'a tasa baƙuwa ce. Daga baya ya tare a Morwellham, wani ƙaramin ƙauye a bakin kogin Tamar a yankin Devon, inda ya ci gaba da aikinsa a 'yar gonarsa har rasuwarsa a 1931.

Bliss yana da buri guda da ya fi ƙarfi a ransa: yana so ya samar da jan airis. A 1905 ya haɗa auren wani tsohon iri na Ingila mai suna Cordelia da baƙon nan Amas. Da kwanson ya nuna, ƙwaya biyu kacal ya samu a ciki. Ya shuka, shekara ta zagayo ba abin da ya fito. Sai a shekara ta biyu ɗaya ta tsiro. Ya sake jiran wasu shekaru kafin tsiron ya yi ƙarfin fitar da fure. Da furen ya buɗe, babu ja a jikinsa. Shunayya ne, samansa mai haske, ƙasansa mai duhu. Bliss ya dube shi da idon mai neman ja, bai ga abin da yake nema ba, ya wuce.

Labarin da masu airis suke bayarwa shi ne, 'yar ɗan'uwansa ce, yarinya 'yar kimanin shekara goma, ta tsaya a kan furen wata rana tana zagaya lambun, ta nuna masa cewa duk cikin furanninsa babu kamar wannan. Ita ba ta san ana neman ja ba, abin da ke gabanta kawai ta gani. Daga nan ya sake dubawa. Da ya ci gaba da bin burinsa shi kaɗai, da an yi garin neman gira an rasa ido. Sir Michael Foster, wanda ya kawo Amas Ingila, bai ga wannan rana ba, domin ya rasu tun 1907.

Me yarinyar ta gani? Abu na farko shi ne fallen ƙasa. A tsofaffin ire-iren, fallen ƙasa sirara ne, suna rataye kamar tsumman da aka jiƙa, kuma jijiyoyi sun zane su. Na Dominion faffaɗa ne, kusan zagayayye, ya ɗan baje gefe maimakon ya zube. Launinsa shunayya mai duhu ƙwarai, ya cika fallen, kuma yana da laushi da sheƙi irin na karammiski, har mutum ya ji yana so ya shafa. Fallen sama kuwa shuɗi ne mai haske da ɗan shunayya, don haka duhun ƙasan ya ƙara fitowa. Gemunsa ruwan goro ne, kamar an ɗiga wuta a tsakiya. Abu na biyu shi ne kauri. Fallen yana da nama, yana jure iska da yayyafi, yana riƙe siffarsa har furen ya tsufa. Ga mai lambu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane furen airis kwana biyu zuwa uku yake yi, kuma duk kakar furen makonni kaɗan ce a watan Mayu da Yuni.

Dominion ba cikakke ba ne. Yana da nawar girma, saiwarsa ba ta saurin 'ya'ya, shi ya sa aka daɗe kafin a tara abin sayarwa, kuma shi ya sa ya yi tsada. Rassansa gajeru ne, furannin suna cunkushewa a saman kara maimakon su bazu. Daga haɗa auren zuwa fitarsa kasuwa shekara 12 ke nan. Amma yana da wata baiwa da ta rufe aibinsa: yana haihuwa, kuma yana gadar wa 'ya'yansa karammiskin nan da kaurin nan. Bliss ya fitar da Cardinal, da Bruno, da Mrs Valerie West, da Grace Sturtevant, duk daga zuriyarsa. Masu lambu suka fara maganar “dangin Dominion” kamar yadda ake maganar gidan sarauta. Amurkawa suka saye su, suka haɗa da nasu.

Sai bayan shekaru aka gane sirrin ƙwaya biyun nan. A tsakanin 1930 da 1945, masana irin su Marc Simonet a Faransa da L. F. Randolph a Jami'ar Cornell ta Amurka suka zauna da madubin ƙara girma suna ƙirga kuromosom, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta. Suka tarar tsofaffin airis na Turai irin su Cordelia suna da 24, baƙin Gabas irin su Amas kuma suna da 48. A ƙa'ida kowane mahaifi rabin nasa yake bayarwa. Idan wannan ya ba da 12, wancan ya ba da 24, lissafi bai daidaita ba, sai ƙwayar ta lalace, ko ta tsiro ta zama juya. Amma jefi-jefi, mai 24 yakan yi kuskure ya ba da nasa duka ba tare da ya raba ba. A nan sai 24 ta haɗu da 24, a sami ɗa mai 48, wanda ya ɗauki launukan Turai da girman Gabas, kuma yana iya haihuwa. Dominion irin wannan ɗan ne. Bliss bai san haka ba lokacin da yake shafa garin furen. Amma da yake ya rubuta iyayen, waɗanda suka zo bayansa sun iya komawa su gano abin da ya faru.

Adalci ne a faɗi cewa ba Dominion kaɗai ya yi wannan juyi ba. Foster da kansa ya bar Caterina. A Faransa gidan Vilmorin ya fitar da Alcazar a 1910, Millet kuma ya fitar da Souvenir de Madame Gaudichau a 1914. A Kaliforniya, inda yanayi ya dace da baƙin Gabas, William Mohr ya yi aiki mai yawa da su. Abin da Dominion ya kawo wa taron shi ne karammiski da nauyin falle. Cikin shekara 25 zuwa 30, masu 48 suka mamaye lambuna, masu 24 suka koma kayan tarihi.

Harkar ta kuma samu tsari. An kafa ƙungiyar masu airis ta Amurka a 1920, ta Birtaniya a 1922. Dykes, wanda ya wallafa babban littafinsa The Genus Iris a 1913, ya rasu a haɗarin mota a 1925, aka ƙirƙiro lambar yabo da sunansa. A Amurka furen da ya fara cin ta, a 1927, shi ne San Francisco na William Mohr. Har yau ita ce lamba mafi daraja a duniyar airis. Ƙungiyar Amurka ce ke riƙe da rajistar sunaye, kuma sunayen da ke ciki sun kai dubun-dubata, akasarinsu da bayanin uwa da uba, irin rubutun da Bliss yake yi a littafinsa.

Abin mamaki, tarihin ƙwaya biyu ya sake maimaita kansa. Wata mata mai suna Clara Rees a San Jose ta Kaliforniya ta haɗa auren Purissima mai 48 da Thais mai 24. Ita ma ƙwaya biyu ta samu, ɗaya a motse. Ɗayar ta zama Snow Flurry, wanda ya fito kasuwa a 1939, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, bakin fallensa a tattare kamar bakin leshi. Tattarar da ake gani a yawancin airis na yau ta wajensa ta bi.

Mai shiga lambun airis a yau, ko a jihar Oregon inda gidan Schreiner ke da manyan gonakinsa, ko a Faransa wajen gidan Cayeux, zai ga fure mai faɗin tafin hannu ko fiye, a kan kara mai kai wa mutum ƙugu. Akwai fari, da shuɗi, da ruwan ɗorawa, da ruwan hoda, da ruwan goro, da ruwan makuba, da wanda duhunsa ya kusa baƙi. Bukatunsa ba su canza ba: rana ta yini, ƙasar da ba ta riƙe ruwa, a bar bayan saiwar a fili ta sha rana, a kuma tone a rarraba duk bayan shekara uku ko huɗu. Bayan furen ya wuce, ganyen nan masu kama da takobi suna ci gaba da ƙawata wurin. Wasu masu lambu suna kukan cewa garin neman girma da tattara an rasa juriyar tsofaffin, shi ya sa ake da masu tattara ire-iren da, suna adana su kada su ɓace. Dominion yana cikin waɗanda ake adanawa.

To, ina jan da Bliss ya nema? Har yau ba a same shi ba. An sami ja mai duhu irin na makuba, an sami mai kama da jan ƙarfe, amma ja zur irin na jini ya gagara, domin sinadarin launin da ke jikin airis mai gemu na ɓangaren shuɗi da shunayya ne, ba ya yin irin wanda ke ba wasu furanni ja tsantsa. A Florence akwai lambun airis da aka kafa a 1954, inda ake gasar ƙasa da ƙasa, kuma a cikin kyaututtukan akwai ta musamman ga furen da ya fi kusa da jan da ke tambarin birnin. Jan furen da 'yan siyasa suka zana a 1251, masu lambu suna ta binsa har yanzu.

'Yan uwa, na san da yawanmu muna da wani “ja” da muke nema: littafin da muka ƙudura tun farko, salon da muke so a san mu da shi. Muna kuma da rubuce-rubucen da muka jefa ƙasan akwati ko muka bari a waya, don kawai ba su fito yadda muka tsara ba. Bliss ya yi abu biyu da suka cece shi. Bai tumɓuke tsiron da bai gamsar da shi ba, kuma da ƙaramar yarinya ta yi magana, ya koma ya sake dubawa. A wannan makon, kowa ya zaro rubutu guda da ya yi watsi da shi, ya ba wanda bai san abin da aka so a rubuta ba, ya ji me zai ce.